Kamu Ɗaya na Kaba

Kech, ranar Talata

Zuwa ga ɗana Dilmurad, a gidan baffansa Hammal da ke Pasni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ni lafiyata ƙalau, in ban da idon hagu da ke ruwa idan na daɗe a kan takarda. Kawunka Sabzal ba lafiya, gwiwar ta sake kumbura. Bana ba zai hau dabino ba, yana zaune a gindi yana yi wa masu hawa faɗa. Ƙanwarka Mahikan lafiya, cikin ya shiga wata bakwai, ba abin da take so sai busasshen kifi. Kakarka tana ci tana sha, amma jiya ta kira ni da sunan yayarta da ta rasu. Jar akuya ta haifi biyu, ɗaya bai tashi ba.

Wannan rubutun hannuna ne, kada ka yi dariyar girman baƙaƙen. Shekara biyu ina zuwa ajin Malama Shari, ina zama cikin sa'o'in Mahikan. A da mai shago ke rubuta mini, kafin wasiƙa ta bar gari kowa ya ji abin da ke ciki. Yanzu abin da na faɗa maka tsakaninmu ne.

Lalu direba ya kawo kifi ranar Laraba. Ya ce ya gan ka a kasuwa, ka yi baƙi, kana riƙe da ƙugiya kamar ta rataye sa. Dilmurad, ce mini ka yi jirgin baffanka za ka shiga ka koyi taru. Ba ka ce mini pagas, ƙaton kifin nan mai cin mutum, za ka kama daga bakin gaɓa ba. Tun da na ji ban zauna wuri ɗaya ba. Na share tsakar gida sau uku, har kawunka ya ce in bar musu ƙasar da za su taka.

Ba zan ce ka dawo ba, na san ba za ka ji ba. Amma shekara tara na yi a bakin tekun nan tare da mahaifinka, na san aikin. Ka sayi ƙugiyar maƙeri, ba mai ƙyalli ta kanti ba. Ka sa sarƙa mai tsawon gaba ɗaya cif a bayan ƙugiya, don haƙorin pagas yana yanka igiya kamar almakashi. Ka naɗe igiyarka a kwando, kada ka bar ta a yashe, kada kuma ƙafarka ta shiga cikin naɗin ko da wasa.

Ga dabino nan na farkon yanka. A ƙarƙashinsa za ka ga igiyar kaba kamu ɗaya, ni na tufka ta. Ita za ka sa tsakanin ɗamarar ƙugunka da babbar igiya. Idan kifin ya fi ƙarfinka ita za ta tsinke, ya tafi, kai ka tsaya. Kada ka taka ruwa ba ita.

Ka gaishe da Yaya Hammal da iyalinsa. Allah ya tsare.

Mahaifiyarka, Granaz


Pasni, Lahadi

Inna,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na karanta sau biyu. Rubutunki ya fi na Kawu kyau, ki faɗa masa in ji ni. Ki yi masa sannu da gwiwa. Kifin Mahikan yana hannun Lalu, wanda na ƙulle da jan tsumma.

Ki kwantar da hankalinki. Teku ba ta kwanta ba tukuna, ba wanda ke jefa ƙugiya. Koyo kawai nake yi. Na shiga jirgin Baffa sau biyu kafin iska ta tashi, duk biyun na yi amai har na ga kakannina. Aikin gaɓa shi ya dace da ni, ƙafata a ƙasa. Mutum ɗaya zai kai ƙugiya da nama a jikinta a ƙaramin kwale-kwale, ya jefa bayan inda raƙuman ruwa ke fashewa, ya dawo. Mai ɗamara ya jira. Na tambayi Baffa me ya sa ba a ɗaure igiyar a turke a huta. Ya ce, "Turke yana tafiya? Pagas a jiki ake riƙe shi. Ya ja ka bi, ya gaji ka ja."

Nan ba mai kirana da sunana, Ɗan Dabino suke ce mini. Akwai wani tsoho, Dadu, mai ido ɗaya. Kullum sai ya ce, "Ɗan Dabino, yau ma ba a ga nunannun dabino a teku ba?" Jiya na ce masa, "Baba Dadu, da wane idon ka duba?" Har Baffa sai da ya yi dariya.

Na bi maganarki a kan ƙugiyar maƙeri da sarƙa. Igiya kuwa na sayi ta nailan gaba sittin, kaurin ɗan yatsa. Mai shagon ya ce ko raƙumi na ɗaure da ita zai tsufa a wurin.

Sai batun kabarki. Da na nuna wa Baffa, karɓa ya yi. Ya zauna a inuwar jirgi, ya warware ta sili-sili har kusan rabi. Ya ɗaga wa rana, ya gwada da haƙori, sannan ya sake tufke ta. Na ce, "Baffa, zinariya kake nema?" Ya ce, "Ba ruwanka. Kaba ce zalla. Ɗaura."

Inna, ki yi haƙuri, ba zan ɗaura ba. Ni a kan dabino na girma. Tun ina ƙarami Kawu yake cewa igiyar da ke ƙugunka ita ce ranka, ranar da ta tsinke ranar za a wanke ka. Yanzu kuma a ce in nemi wadda za ta tsinke in ɗaura da hannuna? Samarin nan da yawa sun daina. Kai tsaye suke ɗaurawa, su soke wuƙa a ƙugu, kuma su ke fito da manyan.

Ga kuma abin da ba ki taɓa faɗa mini ba. Ke kullum cewa kike teku ta ci Baba. Dadu ya ba ni labari duka. Ya ce yana wurin, da hantsi ne, pagas ya ja Baba yana ɗaure da kabarsa kamar kowa, kuma ba ta tsinke ba. Ya ce ikon Allah ne. To in ba ta tsinke wa Baba ba, ni me za ta yi mini? Gara wuƙar da ke hannuna.

Kada ki damu. Kifin farko naki ne, zan aiko miki da haƙoransa.

Ɗanki, Dilmurad


Kech, Talata

Ɗana Dilmurad,

Assalamu alaikum. Mu dai muna nan. Gwiwar kawunka ta ɗan saɓe. Mahikan ta cinye kifin cikin kwana biyu, ta ce a gode maka. Kakarka tana tambayar ina yaron nan mai dogon wuya. Ni ce dai ba daɗi. Na ƙona gurasa jiya, na ƙona yau.

Ba na son haƙoran kifi. Me zan yi da su?

Ka ji ni. Dabino ba ya gudu da mutum. Shi ya sa igiyar kawunka ba ta tsinkewa, don abin da aka ɗaura ta a jikinsa a tsaye yake. Kai abin da za ka ɗaura a ƙugunka yana da rai, ya fi ka nauyi sau uku, kuma gidansa zai tafi. Wuƙa kuma, mahaifinka ma yana da wuƙa. Ni na wasa ta a ranar. Wanda ƙafarsa ta bar ƙasa ba ya tuna inda ya soke wuƙa.

Dadu yana da surutu tun yana da ido biyu. Kada ka ɗauki duk abin da ya faɗa.

Ka faɗa mini wani abu. Da baffanka ya warware kabar, ya kalle ka? Ya ambaci sunana? Bayan ya ce kaba ce zalla, ya ƙara wata magana? Ka tuna da kyau ka rubuto mini yadda ya faɗa, kada ka rage.

Na fara wannan wasiƙa sau uku ina yagewa. Malama Shari ta ce ina cinye mata takarda. Akwai maganar da nake son yi, amma hannuna yana tsayawa. Don Allah, don nonon da ka sha, ka ɗaura kabar. Kada ka tambaye ni dalili.

Allah ya kiyaye ka.

Mahaifiyarka


Pasni, Lahadi

Inna,

Ina gaisuwa. A taƙaice zan rubuta, Lalu ya tayar da mota yana ta danna mini oda.

Baffa bai ƙara komai ba. Ya daɗe yana kallon ruwa, shi ke nan. Me ya sa kike tambaya?

Teku ta fara kwantawa. An sa ranar Asabar mai zuwa, kuma an ba ni ɗamara. Ni, Ɗan Dabino! Dadu ya ce zai kawo tabarma ya zauna ya sha kallo. Baffa ya ce in na ƙi kaba ba zai tsaya kusa da ni ba. Na ce ya tsaya inda ya ga dama.

Inna, kin haɗa ni da Allah, kin haɗa ni da nono, amma kin ce kada in tambayi dalili. Shekarata ashirin da biyu. Mutum ya ɗaura abu, abin ya ci amanarsa a gaban jama'a, sai a ce ɗansa ya ɗaura irinsa ya yi shiru? Ki ba ni dalili ɗaya da zan riƙe. In babu, ki yi mini addu'a kawai, ita ma ta isa.

Kabarki tana nan a aljihuna, ban yar ba.

Ɗanki, Dilmurad


Kech, Talata

Dilmurad,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Yau ba zan lissafa ba.

Ka nemi dalili. Ka nemi wurin da ba kowa ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Kaba ba ta ci amanar mahaifinka ba. Abin da ke ƙugunsa ranar ba kaba ce zalla ba.

A shekarar, kana da shekara huɗu, Mahikan tana goye. Sau uku babban kifi yana kama ƙugiyar mahaifinka Shahdad, sau uku kaba tana tsinkewa. Kowane karo ƙugiya da sarƙa da igiya su tafi, shi ya dawo gida da jiƙaƙƙen wando. Mutanen gaɓa suka sa shi a gaba. Suka ce Shahdad ba kamun kifi yake yi ba, kiwo yake yi, yana ciyar da su. In ya wuce sai wani ya ce, "Mai sadaka, yau wa za a ba?" A waje dariya yake yi tare da su. A gida ba ya cin abinci. Ya ce mini, "Granaz, ko dai hannunki ya fara sanyi ne? Kabar kowa tana riƙewa ban da tawa." Da wasa ya faɗa. Ni ban ji ta da wasa ba.

Ni 'yar Kech ce kamar kai. A gidanmu an san mace da igiyar da ba ta tsinkewa. Uwata ta tufka wa ubana igiyar hawa shekara talatin, ko sili bai taɓa ballewa ba, kuma da wannan ake yabonta har yau. Sai ga ni a garin mutane ana dariyar mijina saboda igiyata.

Ranar Alhamis da la'asar yana wajen gyaran jirgi. Na zare zare shida daga wani tsohon tarun nailan da ke rataye a danga. Na sa su a tsakiya, na tufka kaba a kansu. Ta yi kyau ƙwarai, ba mai ganewa. Ban yi niyyar ta ƙi tsinkewa ba. So nake ta ɗan ƙara haƙuri, ya samu ya fito da kifi ɗaya a rufe bakin mutane. Ban faɗa masa ba, don na san zai cire.

Ranar Asabar ya ɗaura. Ya ja ta da hannu biyu ya ce, "Yauwa, yau hannun ya dawo." Ina tsaye a kan tudu da tulu lokacin da kifin ya kama. Na ga ya jingina da baya yana dariya. Na ga ya bi, ya bi, ruwa ya kai gwiwa. Maza suna ihu, "Bar ta ta tsinke!" Shi ma jira yake ta tsinke, shi ya sa bai taɓa wuƙar ba. Ya yarda da ita. Ni kaɗai a duk gaɓar na san ba za ta tsinke ba, kuma kafin muryata ta fito ruwa ya rufe shi.

A rana ta uku aka same shi. Baffanka ne ya yi masa wanka. Shekara goma sha takwas ina zaton ba wanda ya duba. Sai da ka rubuto cewa ya warware kabata sili-sili na gane abin da yake nema.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko kawunka. Ba abin da za a ba mai shago ya rubuta ba ne. Ina jin saboda wannan takardar na je ajin Malama Shari, ko da yake ban sani ba a lokacin.

Ba na roƙon ka yafe mini. Wannan naka ne, ka yi yadda ka ga dama da shi. Abu ɗaya nake roƙo. Wadda ke aljihunka kaba ce zalla, baffanka ya duba. Za ta tsinke. Ka ɗaura ta, sannan ka ƙi ni in kana so.

Na ba Lalu wannan a hannunsa, ya rantse zai ba ka kafin Juma'a.

Granaz


Pasni, Laraba

Zuwa ga Granaz, matar ƙanena marigayi.

Sallama da gaisuwa. Ni Hammal nake magana, malamin makarantar garinmu yake rubutawa. Saboda haka zan faɗi abin da ya kamata kawai, ke kin san sauran.

Yaron yana da rai. Na fara da wannan don kada ki yi ta tsalle a kan layi.

Takardarki ta same shi ranar Alhamis. Ya karanta a bayan jirgi, ya tashi ya bi gaɓa gabas, bai dawo ba sai bayan la'asar. Bai ci abinci ba.

Asabar ya fito da rigarsa a sake a kan ɗamara, ba wanda ya ga abin da ya ɗaura. Na ce ba zan tsaya kusa da shi ba, amma na tsaya. Da hantsi kifi ya kama. Babba ne, na daɗe ban ga irinsa ba. Ya riƙe shi da kyau, ba zan rage masa ba, ƙafar hawan dabino tana da amfaninta. Sannan kifin ya juya. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Na shiga da wuƙa ban kai gare shi ba. Sai na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ya faɗi da baya.

Igiya gaba sittin ta tafi, da sarƙa da ƙugiya. Dadu ya tashi daga tabarmarsa yana cewa, "Ɗan Dabino ya faɗo daga bishiya!" Gaɓa duka ta ɗauki dariya. Na ce duk wanda ya sake buɗe baki zan cusa masa yashi. Sun yi mamaki, don ba su san ni da hana dariya ba. A waccan shekarar ni na fi kowa yi wa Shahdad. Ni na raɗa masa Mai Sadaka. Ki riƙe wannan, ba ke kaɗai ke ɗauke da kaya ba.

Abin da na gani ranar da na wanke ƙanena, na sa shi a rami tare da shi. Ba nawa ba ne in faɗa. Na duba kabarki ne don yaron, ba don in tozarta ki ba.

Yanzu ga inda muke. Guntun kabar yana wurinsa. Mata biyu a nan sun ce za su tufka masa wata, ya ƙi. Na ce to a aiko a karɓo daga Kech, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kwana huɗu bai je gaɓa ba. Na ce ya rubuta miki, ya ce ba shi da takarda. Malam ga shi nan yana jina, takarda cike da jakarsa.

Ki gaishe da Sabzal. Wassalam.

Hammal


Kech, Talata

Ɗana Dilmurad,

Assalamu alaikum. Kawunka ya fara takawa da sanda. Kakarka lafiya. Ƙafafun Mahikan sun kumbura, ungozoma ta ce ba komai. Ɗan akuyar da ya rage yana cin kaba, sai da na rataye tawa a sama. Ni na ji saƙon baffanka. Na yi sujada a tsakar gida, kawunka ya zaci faɗuwa na yi.

Ga kaba guda uku a ƙarƙashin dabinon. Ka warware su ka duba, ko ka ba baffanka. Ba zan ji haushi ba. In kuma ba ka son ta hannuna, ka karɓi ta matan can, ni dai a ɗaura.

Na sa maka farar takarda ɗaya da guntun fensirina.

Yankan dabino ya zo ƙarshe. Lalu ya ce Laraba ta sama ita ce zuwansa na ƙarshe, daga nan zai koma hanyar Karachi sai baɗi. Ka ba shi amsa kafin ranar. Ba sai ka ce komai a kan waccan maganar ba. Ko layi ɗaya ne, ko sunanka kawai, in dai da hannunka. Zan iya karantawa da kaina.

Ranar zan jira a bakin hanya tun da safe.

Mahaifiyarka, Granaz